Fatar Ido Tsakanin Magani da Ƙawa: Nazari a kan Ƙuduri na 173 na Majalisar Fiƙihun Musulunci bisa Halin da Ake Ciki a Masarautar Gumel

Tsakure

A shekarar 1428 ta Hijira (2007) Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 game da tiyatar gyaran sura, inda ta ambaci canja surar idanu cikin misalan abin da bai halatta ba. Wannan maƙala ta auna ƙudurin da irin tiyatar fatar ido da ake bukata a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda juyewar gashin ido sakamakon amosanin ido ke makantar da mutane. Maƙalar ta nuna cewa tushen ƙudurin ingantacce ne, amma lafazinsa ya bar gurabe biyar da mai fatawa a wannan yanki zai cike da kansa. Daga ƙarshe ta kawo abubuwan da ya kamata a duba kafin a amsa wa mai neman tiyatar fatar ido don ƙawa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Tiyatar fatar ido na cikin mas'alolin da wannan ƙa'ida ta fi bayyana a kansu, domin suna ɗaya ne ya tattara ayyukan da ba su yi tarayya a komai ba sai a wurin da wuƙa take bi. Akwai budurwa a Koriya ta Kudu wadda ake yi wa ninki a fatar ido don idon ya ƙara girma a gani. Akwai attajirin da ya haura sittin yana son a rage fatar da ta saki don ya koma kamar ɗan arba'in. Akwai kuma dattijuwa a wani ƙauye na Sule Tankarkar wadda gashin idonta ya juya ciki, duk ƙiftawar da ta yi sai ya karce ƙwayar idon. Dukansu fatar ido ake yanka musu, kuma dukansu kamannin idon kan sauya bayan aikin. In aka ba su fatawa guda, lalle an zalunci wani a cikinsu.

Ɗalibin ilimin da ya nemi hukuncin wannan aiki a yau, da wuya ya yi nisa bai ci karo da ƙuduri na 173 ba. Majalisar da ta fitar da shi reshe ce ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, kuma ta yi hakan ne a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, cikin watan Yuli na 2007. Tunda maganarta na da nauyi a wajen malamai, ya dace a karanta ta a tsanake, a ga inda ta isar da kuma inda ta tsaya.

2.0 Abin da Ƙudurin ya Ƙunsa

Ƙudurin ya fara da ma'anar tiyatar gyaran sura, ya haɗa abu biyu a cikinta: kyautata siffar wata gaɓa ta zahiri, da maido da aikin gaɓar in ta sami matsala. Sai ya gindaya sharuɗɗa takwas. A taƙaice su ne: aikin ya cim ma maslahar da shari'a ta yarda da ita, cutarwarsa kada ta rinjayi amfaninsa, ƙwararren likita ne zai yi shi, sai da izinin wanda za a yi wa, likita ya fayyace masa haɗurran da ke ciki, ya zama babu wata hanyar magani mafi sauƙi, kada ya saɓa wa nassi, a kuma kiyaye hukuncin al'aura da na kaɗaita tsakanin namiji da mace.

Bayan sharuɗɗan, ƙudurin ya halatta tiyatar lalura da ta bukata. A ƙarƙashinta ya sanya maido da gaɓa yadda aka halicce ta, da maido da aikinta, da gyara aibin da aka haifi mutum da shi kamar tsagaggen leɓe, da wanda ya same shi daga baya ta hanyar ƙuna ko haɗari ko cuta, da kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya. Ya kuma hana tiyatar ƙawa wadda ba magani ba ce, wadda ake nufin sauya lafiyayyar halitta da ita don bin son rai ko kwaikwayon wasu. A nan ne ya kawo misalai, ciki har da sauya hanci da leɓɓa da kumatu da surar idanu. A wani sashe na dabam ya hana kawar da tamojin fata ta hanyar tiyata ko allura, sai in cuta ce ta kawo shi. Ya rufe da nasiha ga likitoci da masu asibitoci kada neman kuɗi ya ja su ga abin da aka hana, kuma su guji tallan yaudara.

3.0 Inda Ƙudurin ya Dace

Babban abin yabo ga ƙudurin shi ne ya rataya hukunci a kan dalili da manufa, kamar yadda magabata suka fahimci nassoshin. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya ci na umartar mutane su canja halittar Allah. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Buhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci masu yin jarfa da masu fige gashin gira da masu goge haƙori don yin wushirya, ya kuma ambaci neman kyau a matsayin dalilin aikin. Imamu Annawawi, a sharhinsa na Muslim, ya fahimci cewa wannan ƙaidi na nuna haramcin ya shafi wanda ya yi don ƙawa, amma in magani ko aibi ya bukaci hakan babu laifi. Hatta Imamu Aɗɗabari, wanda aka sani da tsanantawa a wannan babi har ya hana cire ƙarin haƙori ko yatsa don neman kyau, ya toge abin da ke cutar da mai shi. Irin wannan togewa aka ruwaito daga Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa. Hadisin Arfaja ɗan As'adu kuwa, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi na zinare, shi ne asalin halaccin maido da abin da ya lalace.

Ƙudurin bai kuma mai da ƙawa kanta abin zargi ba. Alƙurɗubi, a tafsirin ayar da ta gabata, ya bambanta sauyi mai dawwama da adon da ke gushewa irin su kwalli, ya ce Imamu Malik da wasunsa sun halatta shi ga mata. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta hana mata ƙarin gashi da jarfa, ba ta hana su ado ba. Saboda haka layin da Majalisar ta shata yana da tushe a mazhabar da mutanen wannan ƙasa suke bi.

Idan aka kwatanta shi da littafin Shaihu Muhammadul Mukhtar Ashshinƙiɗi a kan hukunce-hukuncen tiyata, wanda asalinsa kundin digiri na uku ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, za a ga ƙudurin ya bi irin rabe-rabensa na raba tiyatar bukata da ta ƙawa. Ya ƙara da fitar da sharuɗɗan a jere yadda likita da majinyaci za su iya bi.

4.0 Tiyatar Fatar Ido a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen Maigatari. Ƙasa ce mai rairayi da doguwar rani, ga ƙurar hunturu, ga wahalar ruwa a ƙauyuka da dama. Irin wannan yanayi shi ne mazaunin amosanin ido, kuma binciken masana ya tabbatar da cewa Jigawa na cikin jihohin Arewa da cutar ta yi wa katutu, kamar yadda take a Jihar Damagaram da ke tsallaken iyaka.

Wata ƙwayar cuta ce mai suna Chlamydia trachomatis take kawo ta. Tana yaɗuwa ta hannu da mayafi da tsumma da ƙudan da ke sauka a idon yara. Yaro kan kamu ya warke ya sake kamuwa sau da yawa, kuma kowane kamu yana barin tabo a cikin fatar ido ta sama. Da shekaru suka tura sai tabon ya tsuke, bakin fatar ya lanƙwashe ciki, gashin ido ya koma yana gogar baƙin ido dare da rana. Ƙarshensa baƙin idon ya dushe. Wannan makanta ta bambanta da ta yanar ido, domin yana ana cire ta gani ya dawo, ita kuwa wannan in ta auku ba ta komawa. Mata sun fi maza faɗawa ciki nesa ba kusa ba, saboda su ke ɗawainiyar yaran da ke ɗauke da cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yaƙi da cutar a kan abu huɗu: tiyata ga wanda gashin idonsa ya juya, da raba maganin azithromycin ga jama'a, da wanke fuska, da tsaftace muhalli. Babban taronta ya amince da ƙudurin kawar da ita a 1998. Tiyatar kuwa ƙaramar aba ce. Ana yin allurar kashe zafi a fatar, a tsaga ta a kwance kusa da bakinta, a juyo da bakin waje, a ɗinke. Ba ta kai rabin sa'a a ido ɗaya, ba ta bukatar kwanciya, kuma a ƙarƙashin shirin gwamnati da ƙungiyoyin agaji kyauta ake yin ta. Wani lokaci gashin kan sake juyawa, wani lokaci kuma bakin fatar kan ɗan karkace ko ya yi gibi.

Musulmi ba baƙin wannan aiki ba ne. Aliyu ɗan Isa, likitan ido na Bagadaza, ya yi bayanin cutar da juyewar gashin a Tazkiratul Kahhalin kimanin shekaru dubu da suka wuce, kuma Azzahrawi na Andalus ya bayyana yadda ake yanka fatar a ɗage ta a littafinsa Attasrif. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi na musamman a kan cututtukan ido.

5.0 Guraben da Ƙudurin ya Bari

5.1 Halacci ko Wajibci

Hukunci mafi girma da ƙuduri na 173 ya ba tiyatar lalura shi ne halacci. Ga mai tambaya a kan gyaran hanci wannan ya wadatar. Ga dattijuwar da ganinta ke tafiya kuwa, kalmar halacci ta gaza, domin halal abu ne da mutum ke da zaɓin yi ko bari. Ita kanta Majalisar ta riga ta faɗi abin da ya fi haka a ƙudurinta na 67, wanda ta fitar a Jidda a 1412 (1992), inda ta bayyana cewa neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko naƙasa, ko kuwa cutar mai yaɗuwa ce. Gyaran fatar idon da ta juya ya shiga wannan kai tsaye. Da ƙuduri na 173 ya yi nuni zuwa ga na 67, kamar yadda ya yi nuni zuwa ga wasu ƙudurorin, da an huta. Tunda bai yi ba, ya rage wa malami ya haɗa su da kansa.

Mazhabar Malikiyya ta san nauyin ceton ido. Muhtasar na Halil ya halatta aikin fitar da ruwan ido ko da zai sa mutum ya yi salla a zaune. Idan tsayuwa a sallar farilla, wadda rukuni ce, ta faɗi saboda ido, to uzurin noma ko cin kasuwa ko kunyar likita bai isa ya jinkirta aikin da zai tsare shi ba.

5.2 Lafazin Canja Surar Idanu

A cikin matanin Larabci, misalin canja surar idanu yana ɗaure da ƙaidodi: ba magani ba ne, halittar lafiyayya ce, manufar kuma son rai ne. Sai dai fatawa ba ta isa ƙauye da matani. Tana isa ne a amsar minti biyu ta rediyo, ko a guntun wa'azin da ake turawa ta waya, ko a hirar kasuwar Maigatari ranar Alhamis inda mutanen ƙasashe biyu suke haɗuwa. A wannan tafiya ƙaidodin ne ke fara zubewa, misalin ya tsira shi kaɗai.

Harshen Hausa ma yana da nasa rabon a cikin rikicin. Aikin ido suna ne na cire yana da gyaran fata da duk abin da likitan ido ya yi. Kalmar gyara kuma ta haɗa maido da abin da ya lalace da irin gyaran jikin da ake yi wa amarya. Haka nan mai fama da juyayyen gashi yakan fige shi da matsefata don ya sami sauƙi, kuma wanda ya ji hadisin fige gira sama-sama zai iya haɗa biyun, alhali gashin gira dabam, gashin ido dabam, kuma cire abin da ke cutarwa bai taɓa shiga tsinuwar ba. A wajen ɗalibai kuwa akwai wani ruɗani: kalmar tahsiniyya da ƙudurin ya kira haramtacciyar tiyata da ita, a wajen Ashshaɗibi da sauran malaman maƙasid suna ce ta mataki na uku na maslahohin da shari'a take nema. Kalma ɗaya ta zama abin yabo a wani fanni, abin hani a wani.

Abin da ya faru a Kano tsakanin 2003 da 2004, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna, ya isa shaida a kan yadda maganar da aka jingina ga addini take tasiri a harkar lafiya. Alƙarafi ya gargaɗi mai fatawa kada ya ɗauki abin da ke rubuce a littattafai ya ɗora wa mutumin wani gari ba tare da ya tambayi al'adar garinsu ba. Malamin da aka tambaya a Gagarawa game da aikin fatar ido, abin da ya fi rinjaye shi ne ana tambayarsa a kan amosani, don haka daga nan ya kamata ya fara.

5.3 Sharaɗin Ƙwararren Likita

Sharaɗi na uku ya ambaci likita ƙwararre a fanninsa. Idan aka ɗauke shi a zahirinsa, mafi yawan ayyukan da ake yi a karkara sun faɗi, domin galibi ma'aikatan jinya ne na ɓangaren ido suke yin su bayan horo na musamman da jarrabawa, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Likitocin ido sun taru ne a birane, a wurare irin su asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Fiƙihu bai san takardar digiri ba, ƙwarewa ya sani. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga magani alhali ba a san shi da shi ba. Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya bayyana cewa sunan likita a hadisin ya haɗa mai maganin ido da mai fiɗa da mai kaciya da mai ƙaho da mai ɗori, kowa a fanninsa. A kan wannan ma'auni, nas ɗin da aka horar aka tantance a kan wannan aiki ya cika sharaɗin. Wanzamin da ya kai aska fatar ido bai cika ba. Likita mai digiri da ya buɗe asibitin kwalliya ba tare da horo a tiyatar fuska ba shi ma bai cika ba, kuma lamuni yana kansa. Da ƙudurin ya ce wanda ya ƙware a aikin kuma hukuma ta ba shi izini, da ya fi game duka.

5.4 Izini da Rakiya

Ƙudurin ya ce sai da izinin majinyaci, ya yi shiru game da miji. A ƙasar da mace ba ta fita sai da izini, kuma mata ne mafi yawan masu cutar, wannan shiru babban gurbi ne. Mace baliga mai hankali ita ke da izinin abin da za a yi a jikinta. Haƙƙin miji na a nemi izininsa wajen fita tabbatacce ne, amma bai kai ya hana ta maganin da ya wajaba a kanta ba, domin babu biyayya a cikin abin da zai halakar da gaɓa. Tiyatar ƙawa zalla kuwa ba ta da wannan kariya.

Game da namiji ya yi wa mace aiki, ƙuduri na 81 da Majalisar ta fitar a Burunai a 1414 (1993) ya fifita likita mace, ya halatta namiji in babu ita, da sharaɗin halartar muharrami ko miji ko amintacciyar mace. Fuska ba al'aura ba ce a mashahurin zancen Malikiyya, don haka abin kiyayewa shi ne kaɗaita, kuma 'yar rakiya ɗaya ta kawar da ita. Wani bincike da Rabi'u da Abiose suka buga a 2001 a kan wani yankin karkara na Jihar Katsina ya nuna rashin kuɗi na kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane zuwa wannan aiki. Yanzu da aikin ya zama kyauta, abin da ya rage shi ne kuɗin mota da wanda zai bar sana'arsa ya yi rakiya. Wannan nauyi ne a kan miji da 'ya'ya, kuma mumbarin Juma'a ne wurin faɗarsa.

5.5 Fatar Tsufa da Cutarwar Zuciya

Gurbi na ƙarshe shi ne mafi wuyar cikewa. Fatar ido ta sama takan saki da tsufa. A wani mutum tamoji ne kawai, a wani kuwa takan zubo har ta tare ganinsa ta sama da gefe, ya riƙa ɗage gira ko ɗaga haɓa kafin ya karanta Alƙur'ani. Aiki ɗaya ake yi wa biyun. Na farko ya shiga hanin kawar da tamoji, na biyu ya shiga halaccin maido da aikin gaɓa, kuma ƙudurin bai ba da ma'aunin raba su ba. Malaman fiƙihu sun lura da wannan haɗuwa tun a babin diyya: jumhuru sun sanya cikakkiyar diyya a fatun ido huɗu saboda sun haɗa kyau da amfani, Imamu Malik kuwa ya bar abin ga ƙiyasin alƙali. Likitoci suna da awon faɗin gani da ke nuna ko fatar ta tare wani sashe. Sakamakon wannan awo ya fi cancanta a gina fatawa a kansa fiye da abin da mai tambaya ya faɗa game da kansa.

Haka ƙofar cutarwar zuciya take a buɗe ba maƙulli. Duk mai son tiyata zai iya cewa surarsa na damunsa. Abin da ya fi kusa da ƙa'idojin fiƙihu shi ne a koma ga al'ada: abin da masu lafiyayyen hankali a garin suke kira aibi in sun gani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata lalura da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda babu shi, kuma mai ita ba ya samun natsuwa bayan tiyata, wata gaɓar yake komawa. Maganinsa yana wajen wani likitan dabam.

6.0 Abin Dubawa Kafin Tiyatar Ƙawa

Tiyatar fatar ido na cikin tiyatocin kwalliya da aka fi yi a duniya, kuma tallanta yana shigowa wayoyin matasan Gumel kamar yadda yake shiga na kowa. Malamin da irin wannan tambaya ta zo wa zai fara da sanin abin da ya sami idon. Faɗuwar fatar ido ko kumburinta kan zama alamar wata cuta ta jijiya ko ta maƙogwaro ko ta ƙoda, kuma yanka a irin wannan hali ɓoye cuta ne. Sai ya tambayi ko an auna gani, da abin da awon ya nuna.

Daga nan sai maganar haɗari. Aikin kan jawo bushewar ido, ko a rage fata fiye da kima ido ya kasa rufuwa a barci, ko fatar ƙasa ta juyo waje, ko idanun su saɓa wa juna. Akwai kuma zubar jini a bayan ƙwayar ido, wadda ba ta cika aukuwa ba amma tana iya makantarwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko mai shan maganin tsinka jini haɗarinsa ya fi yawa. Wanda ganinsa ke cikin haɗari ya ɗauki ƙaramar cuta ne don ture babba. Mai lafiyayyen ido kuwa ya sa amanar da aka ba shi a caca, ba tare da wata cutar da yake turewa ba.

Sai niyya. In manufar ita ce ɓoye shekaru ga wanda za a aura, algus ya shigo. In kwaikwayon wata fuskar da aka gani a fim ce, to shi ne ainihin abin da ƙudurin ya hana. Ya kamata kuma a tuna wa mai tambaya cewa zai yi kwanaki yana shafa a kan bandeji maimakon wanke wani sashe na fuska a alwala, kuma rangwamen shafa an yi shi ne don masu lalura. A ƙarshe a tambayi wane ne zai yi aikin, ina ya koya, kuma wa za a koma wa in abu ya ɓaci, musamman ga mai niyyar fita waje ya dawo cikin mako guda.

7.0 Kammalawa

Ƙuduri na 173 ya dace a tushensa, domin ya bi magabata wajen raba kawar da aibi da neman ƙarin kyau. Rauninsa shi ne an rubuta shi ana kallon asibitocin kwalliya na manyan birane, sai misalansa da sharuɗɗansa suka ɗauki kamannin can. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, fatar idon da ke jiran wuƙa galibi ta wadda ke gab da makancewa ce. Abin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne tiyatar juyayyen gashin ido wajibi ce a kan mai ita, kai ta wurin aikin kuma nauyi ne a kan iyalinta. Rage fatar da ta tare gani halal ne in awo ya tabbatar. Sauya lafiyayyen ido don ƙawa ko ɓoye tsufa yana nan a kan hani. Ana ba sassan nazarin addinin Musulunci shawarar su fassara ƙudurori na 67 da 81 da 173 zuwa Hausa a haɗe, tare da likitocin ido, a raba wa limaman masarautar. Allah ne mafi sani.